Amsar Wasiƙunku: Yaƙin Turoi na Littafi da na Silima

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa ya kalli wani fim na yaƙi mai suna Troy, inda aka ci wani birni da dabarar dokin katako. Yana so a gaya masa ko abin ya faru da gaske, ko kuwa ƙirƙira ce kawai ta masu fim. Ya ce kuma wani ɗalibi ya gaya masa wai fim ɗin ya saɓa wa littafin da aka ɗauko shi, to a ina ya saɓa, kuma don me? Wasu masu sauraro ma sun aiko da irin wannan tambaya a kan finafinan Hakulis, sai muka haɗa amsar wuri ɗaya.

AMSA:  A taƙaice dai, birnin akwai shi, labarin kuma tsoho ne ƙwarai, amma wanda ka gani a fim an sake masa ɗinki don ya zauna daidai a jikin mai kallo na yanzu. Bari mu bi maganar daki-daki.

Inda labarin ya samo asali

Girka ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, maƙwabciyar Turkiyya. Mutanenta su ne malaman Larabci ke kira Yunanawa. Girkawan da masu bautar gumaka ne barkatai. A ganinsu gumakan nan suna zaune a kan wani dutse mai suna Olimfus, suna aure, suna haihuwa, suna kishi da gaba kamar 'yan Adam, kuma ba su rabuwa da tsoma baki cikin sha'anin mutane. Babbansu shi ne Zeyus, matarsa kuma Hera. Wannan bauta ta daɗe da gushewa, Girkawan yau mafi yawansu Kirista ne. Labaran ne kawai suka rage.

Da baka aka riƙa ba da labaran nan, mawaƙa na rera su a fada da wuraren biki. Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, aka sami wasu dogayen waƙoƙi biyu waɗanda ake danganta su da wani mawaƙi mai suna Homa. Ta farko sunanta Iliyad, layinta ya haura 15,000, ita ce ta yi maganar yaƙin birnin Turoi, wanda Turawa ke rubutawa Troy. Ta biyu sunanta Odisi, mai layi wajen 12,000, tana ba da labarin wani sarki Odisiyus da wahalar da ya sha shekara 10 a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙin.

Ga labarin yaƙin a dunƙule. Faris ɗan sarkin Turoi, wanda ba shi da haɗi da birnin Faris na Faransa, ya je baƙunci wurin Sarki Menelayus na Girka, ya gudu da matarsa Helen. Wan Menelayus, watau Agamemnon, ya tara sarakunan Girka da jiragen ruwa sama da 1,000, suka kafa wa Turoi sansani shekara 10. Da ƙarfi ya ƙi ci sai suka koma dabara. Suka sassaƙa wani ƙaton doki na katako, jarumai suka ɓuya a cikinsa, sauran suka yi kamar sun tafi. Mutanen gari suka jawo dokin da hannunsu, dare na yi aka buɗe ƙofa aka cinna wa birnin wuta.

Ya faru da gaske?

Akwai wani tudu mai suna Hisarlik a arewa maso yammacin Turkiyya, kusa da mashigin ruwan Dardanel. Wani attajiri Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya shiga haƙa shi a shekarun 1870, har ya tono kayan zinariya a 1873. Masanan da suka biyo bayansa sun tarar da kufan gari a kan kufan gari har hawa 9, kuma ɗaya daga ciki wuta ce ta cinye shi wajen shekara 1180 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1998 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ke nan gari kam an yi shi, an kuma ƙone shi. Amma ba a tono wata shaida da ke nuna an yi wata Helen, ko an sassaƙa dokin katako ba. Ka kuma tuna tsakanin ƙonewar garin da zamanin Homa akwai shekara 400 zuwa 500. Labarin da ya shekara haka yana yawo a bakin mawaƙa, ai ka san ya sha gishiri tun kafin ya iso hannun masu fim.

Abin da fim ɗin ya sauya

Fim ɗin Troy ya fito a 2004. Wolfgang Petersen, shi ma Bajamushe, ya ba da umarni, David Benioff ya rubuta, Brad Pitt ya fito a Akilis, babban jarumin Girkawa, Eric Bana kuma ya fito a Hekta, wan Faris kuma garkuwar Turoi. An ɗauki fim ɗin a tsibirin Malta da Meziko da Ingila. Yawancin jiragen ruwan nan da dubban sojojin da ka ga sun cika fili, kwamfuta ce ta zana su.

Sauyi na farko shi ne na lokaci. Yaƙin shekara 10 an matse shi ya koma na 'yan makonni. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ita ma Iliyad ba ta ba da labarin yaƙin duka ba. Kwana hamsin da 'yan kai kawai ta ɗauka a cikin shekara ta goma. Ta fara da rigimar Akilis da Agamemnon a kan wata baiwa da aka kamo a yaƙi mai suna Birisis, ta ƙare da jana'izar Hekta. Babu dokin katako a cikinta, babu mutuwar Akilis. Maganar doki a Odisi aka taɓo ta, sa'an nan wani mawaƙin Rum mai suna Bajil, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da ita dalla-dalla. Masu fim sun ɗebo daga wannan buhu da wancan, suka auna a tiya ɗaya.

Sauyi na biyu, kuma mafi girma, an kori gumaka daga labarin. A waƙar Homa kusan ba a harba kibiya sai da hannun wani gunki a ciki. Ga misali. Lokacin da Faris ya kara da Menelayus su biyu, Menelayus ya kayar da shi yana jan sa a ƙasa, sai wata daga cikin gumakan, mace mai suna Afrodayit, ta lulluɓe Faris da hazo ta sure shi ta dire a ɗakinsa. A fim kuwa babu mai sure shi, rarrafe ya yi ya je ya rungume ƙafar wansa don tsoro. Haka kuma ranar da Akilis ya kashe Hekta. A waƙar, Hekta ya firgita ya ruga, aka zagaye ganuwa da shi sau 3, sai wata gunkiyar mai suna Atina ta rikiɗa ta zama ƙaninsa ta yaudare shi ya tsaya. A fim Hekta bai gudu ba, ya yi sallama da iyalinsa ya fito suka gwabza gaba da gaba. Mai kallo na yau ba zai so ya ga jarumi na gudu ba, kuma in ya ga wata halitta ta sauko daga sama ta raba faɗa sai ya ce an cuce shi.

Har maganar diddige ma an yi mata dabara. An ce wai uwar Akilis ta tsoma shi cikin wani kogi yana jariri, ƙarfe ya daina cin sa sai a diddigen da ta riƙe. Wannan ba ya cikin Iliyad, wani mawaƙin Rum ne mai suna Istatiyus ya rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan Homa. A fim sai aka nuna Faris ya harbe shi a diddige, ya ƙara masa wasu kibau a ƙirji. Akilis ya zare na ƙirjin kafin ya faɗi, waɗanda suka tarar da gawarsa sai kibiyar diddige kawai suka gani. Watau masu fim suna nuna maka yadda za a ce irin wannan almara ta fara.

Sauyi na uku, an sāka wa kowa bisa halinsa, abin da tsohon labarin bai yi ba. A fim Hekta ya kashe Menelayus tun da wuri, Birisis ta soke azzalumi Agamemnon, Helen kuma ta tsira ta wata ɓoyayyiyar hanya tare da matar Hekta da jaririnsa. A wurin Girkawa ba haka aka yi ba. Menelayus ya karɓi matarsa suka koma gida suka ci gaba da zamansu. Agamemnon ya isa gida lafiya, matarsa da kwartonta suka kashe shi. Faris ya mutu tun kafin birnin ya faɗi. Jaririn Hekta kuwa daga kan ganuwa aka jefo shi, uwarsa aka tafi da ita bauta. Ka ga wannan ɗacin ba kowane mai kallo ne zai iya haɗiye shi ba bayan ya biya kuɗin shiga.

Ga kuma wani abu da kai ɗan kasuwa za ka fi kowa ganewa. A fim ana ɗora wa mamaci kwabbai biyu a ido kafin a ƙone gawa. To a zamanin da ake cewa an yi yaƙin babu kwabo a duniya. Sai bayan kamar shekara 500 aka fara buga kuɗin ƙarfe, a wata ƙasa mai suna Lidiya, ita ma cikin Turkiyya ta yau. A waƙar Homa da shanu ake yi wa kaya kuɗi. Akwai inda wani jarumi ya yi musayar sulkensa na zinariya, mai darajar sa 100, da na tagulla mai darajar sa 9, har mawaƙin ya ce hankalinsa ne aka ɗauke.

Abin da ba su taɓa ba

Duk da wannan sauye-sauye, akwai wurin da masu fim suka bar shi kusan yadda yake, shi ne zuwan tsoho Firiyam, sarkin Turoi, cikin dare har zangon abokan gaba. Ya durƙusa ya sumbaci hannun Akilis, hannun da ya kashe ɗansa, ya roƙe shi ya ba shi gawar don ya yi mata sutura, ya kuma tuna masa da nasa mahaifin. Akilis mai zafin zuciya ya yi sanyi, ya ba da gawar, ya kuma tsayar da yaƙi har a gama makoki. Peter O'Toole ne ya fito a tsohon. Wannan wurin ba ya bukatar gyara, don kowane uba a kowace ƙasa ya san abin da ke zuciyar Firiyam. A nan za ka gane abin da masu fim ke nema a tsofaffin labaran nan. Suna neman fushin da ke jawo nadama, da girman kai, da ciwon rashin ɗa. Sauran kayan kuwa sukan ɗauki wanda ya yi musu su bar wanda bai yi ba.

Don me suke sauyawa?

Dalili na farko kuɗi ne. An kashe wajen dala miliyan 175 a kan fim ɗin Troy, ya kuma kawo kusan dala miliyan 500 a gidajen silima na duniya. Wanda ya zuba irin wannan jari dole ya kai kayan da kasuwa ke so. Na biyu lokaci. Mai karanta Iliyad a bayyane sai ya yi kwanaki, fim ɗin kuwa awa biyu ne da minti arba'in da 'yan kai. Na uku, labaran ba su da mai su. Wanda zai yi fim daga littafin marubucin yau sai ya biya shi ko magadansa, amma Homa ba shi da magajin da zai kai ƙara. Na huɗu, in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Abin da Bagirke na da yake ganin daidai ne, kamar rabon matan da aka kamo a yaƙi, yau abin ƙyama ne. Shi ya sa a fim aka mai da Birisis 'yar gidan sarautar Turoi, aka kuma ƙulla soyayya tsakaninta da Akilis.

Maganar Hakulis da sauransu

Masu tambaya a kan Hakulis, ga taku. Girkawa Herakilis suke ce masa, Rumawa ne suka mai da shi Hakulis. A labarinsu Zeyus ne ya haife shi da wata mata 'yar Adam, ba da matarsa ba. Don haka Hera ta tsane shi kamar yadda muguwar kishiya ke tsanar ɗan kishiyarta, har ta sa masa hauka ya kashe 'ya'yansa da hannunsa. Manyan ayyuka 12 da ya shahara da su, kamar kashe zaki da maciji mai kawuna da yawa, kaffarar wannan laifi ce. To a 1997 kamfanin Disney ya yi fim na zane don yara mai suna Hercules. A ciki Hera ta zama uwarsa ta haihuwa mai ƙaunarsa, babu hauka, babu kisan 'ya'ya, aka ɗauko Hadis, gunkin da ke kula da matattu, aka mai da shi mugun labarin. A 2014 kuma aka yi wani da Dwayne Johnson, inda aka nuna Hakulis sojan haya ne, labaran dodannin kuma zuzutawa ce ta maroƙinsa don a ji tsoronsa. Mutum ɗaya, fim biyu, kowanne da irin masu sayensa.

Wani lokaci kuma sukan haɗa hatsin gonaki daban-daban. Fim ɗin Clash of the Titans, wanda aka yi a 1981 aka sake yi a 2010, labarin jarumi Fasiyus ne. Dodon ruwan da ke ciki mai suna Kiraken ba na Girkawa ba ne sam, daga tatsuniyoyin matuƙan jirgin ruwa na arewacin Turai aka aro shi. Doki mai fukafukai da ake nuna Fasiyus a kai shi ma na wani jarumin ne mai suna Belerofon, shi Fasiyus da takalma masu fukafukai yake tashi.

A fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963 akwai faɗan da aka yi da ƙwarangwal 7 masu takubba. A lokacin ba a yin wannan aiki da kwamfuta. Wani gwani mai suna Ray Harryhausen ya ƙera 'yan ƙananan mutum-mutumi, ya motsa su kaɗan ya ɗauki hoto, ya sake motsawa ya sake ɗauka, ga shi kuwa daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 take ci. Faɗan 'yan mintoci ya ci masa sama da wata 4. A tsohon labarin kuwa ba ƙwarangwal ba ne, mayaƙa ne suka tsiro daga ƙasa, jarumin ya jefa dutse a tsakaninsu suka hau junansu da sara. Fim ɗin ya kuma tsaya daidai inda jarumi ya sami amarya Midiya. Bai kai ka inda ya yi mata kishiya ta kashe 'ya'yansu don ta ƙuntata masa ba.

Akwai kuma masu cire wa labarin rigar Girkawa gaba ɗaya su sa masa ta wani wuri. Fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000 Odisi ce aka kai jihar Misisifi ta Amurka a 1937. George Clooney ya fito a fursunan da ya tsere yana neman komawa ga matarsa kafin wani ya aure ta. Dodo mai ido ɗaya na waƙar Homa ya zama wani ƙaton ɗan talla mai ido ɗaya, matan teku masu yaudarar matafiya da waƙa suka zama 'yan mata uku masu wanki a bakin rafi. Tun a 1959 ma an yi Black Orpheus a birnin Riyo na Burazil da baƙaƙen 'yan wasa, inda mawaƙin nan Ofiyus da ya bi matarsa har lahira ya zama ma'aikacin jirgin cikin gari. A 2024 kuma fim ɗin The Return, wanda Ralph Fiennes da Juliette Binoche suka fito a ciki, ya ɗauki ƙarshen Odisi kawai, babu gunki babu dodo, sai tsohon soja da ya dawo gida bayan shekara 20 ya tarar maneman matarsa sun cinye masa dukiya.

Kada ka ce masu fim ne suka fara

Su kansu Girkawa ba su tsaya a kan ruwaya ɗaya ba. A shekara ta 412 kafin haihuwar Annabi Isa, wani marubucin wasan kwaikwayo na birnin Atan mai suna Yurifidis ya nuna wasan da ke cewa Helen ba ta taɓa taka Turoi ba. Wai tana Masar a ɓoye, siffarta ce kawai aka kai can, aka yi shekara 10 ana zub da jini a kan inuwa. Masu kallonsa sun san waƙar Homa sarai, suka kuma zauna suka kalla. Yadda tatsuniya ɗaya takan bambanta daga bakin wannan tsohuwa zuwa waccan, haka labaran nan suke tun asali.

Saboda haka Malam, ɗalibin nan gaskiya ya faɗa maka, fim ɗin ya saɓa wa littafin a wurare da dama. In kana kallon irin waɗannan finafinai, ka raba abu uku a ranka: abin da masu tonon kufai suka tabbatar, shi ne ɗan kaɗan, abin da mawaƙan da suka rera, shi ne mai yawa, da abin da mai fim ya ƙara don kasuwarsa. In yaranka suna kallo, ka gaya musu wannan hikaya ce ta wasu mutanen da, kada su ɗauke ta a kan tarihi. Dokin katakon da aka yi fim ɗin da shi kuwa an ba da shi kyauta ga garin Canakkale na Turkiyya, wanda ke kusa da kufan Turoi, aka kafa shi a bakin teku don masu yawon buɗe ido.